Ni dai na koma bokiti da soso wajen wankin babur

Shekarar farko da na zo nan Turai na sayi babur, ai wankinsa ba ya ɗaukar mini minti goma. Akwai wuraren wankin mota da kai za ka wanke da kanka, ka ɗauki bindigar ruwan nan ka yi ta feshi, kafin ka ce kwabo mashin ya fito fes yana ƙyalli. Da can bokiti da tsumma na sani, sai na ga kamar duk wahalar banza na sha a baya. Kuma gaskiya akwai uzuri, don idan hunturu ya shigo gishiri suke watsawa a titi saboda ƙanƙara, wannan gishirin kuwa in ya kwana biyu a jikin ƙarfe tsatsa ce kawai, ga shi gidan haya nake a bene babu famfo a waje, yatsunka ma in ka tsoma su a ruwa a watan Janairu sai ka ji kamar ba naka ba.

To wajen wata takwas ina wannan harka sai na fara jin wani gurnani daga tayar gaba, kamar ana niƙa a can nesa, in na sha kwana ya ƙaru. Na kai wa bakanike, ya ɗaga tayar ya juya ta da hannu ya ce in sa kunne. Da ya fito da boris ɗin sai ga wani ruwa ja-ja yana ɗiga, giris ɗin ciki ya koma kamar kunun da ya tsinke, ƙwallayen duk sun yi tsatsa. Bai tambaye ni komai ba, kawai ya yi alamar riƙe bindigar ruwa yana dariya.

Abin da ban yi lissafi ba shi ne ƙarfin ruwan. Da ma'aunin matsi da ake kira bar, ruwan famfo na gida bai cika wuce bar 3 zuwa 4 ba, iskar da ke cikin tayar babur ɗinka wajen bar 2.5 ce, amma injin feshi ko ƙarami na gida yana haura bar 100. Robar da ke rufe boris an yi ta ne don ta tare ruwan sama da na kududdufi, in ka kafa mata bakin bindiga kusa-kusa ruwan tura ta yake ya shige, kuma in ya shiga ba ya fita. Mota ba ta da wannan damuwar sosai tunda komai nata a rufe yake cikin bodi, shi kuwa babur tsirara yake, boris ɗin taya da na wuya, wayoyin wuta, kan filogi, makunnan da ke hannu, duk a fili. Sarƙar zamani ma akwai ƙananan zobban roba tsakanin gaɓoɓinta masu riƙe giris ɗin da aka sa tun daga kamfani, in ka wanke shi ya tafi ke nan, man da kake fesawa daga waje ba ya isa can ciki. Lagireto kuma siraran ganyayyakin nan nasa lanƙwashewa suke, na ga nawa da idona sun kwanta gefe guda kamar ciyawar da aka taka.

Daga baya na buɗe littafin da ke zuwa da babur, wanda yawancinmu ba ma karantawa, ashe Honda da Yamaha duk sun rubuta ƙarara kar a yi amfani da injin feshi mai ƙarfi. Yamaha har sun ƙara da cewa in gishiri ne a wanke da ruwan sanyi, don ruwan ɗumi ƙara masa cin ƙarfe yake. Ni kuwa da ruwan zafi nake zaɓa, wai ina kyautata masa.

Wani abokina mai hawan babur ɗin tsere a taɓo kullum musu muke, shi ya ce tsoro ne kawai. Shi ma yana da gaskiyarsa, taɓon da yake kwasowa soso ba zai iya da shi ba. Amma yana toshe salansa kafin ya fara, yana rufe inda iska ke shiga inji, kuma bini-bini ya kwance mashin ya sake giris. Ni da nake zuwa aiki da nawa safe da yamma yaushe zan yi wannan?

Yanzu bokiti biyu nake sauka da su, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso don kar yashi ya koma ya karce fenti. Sai inji ya huce tukuna, in fara daga sama in gangaro, tayoyi a ƙarshe da wani soson daban, sarƙa da burushi, in goge in sa mata mai. Yana cin kusan awa guda, baya ma yana ciwo. Amma a irin wannan tsugunon ne ranar nan na ga kan ƙusa a tayar baya, wani zuwan kuma noti ɗaya na sitan ya kusa faɗuwa, da ina tsaye can nesa da bindiga ba zan gan su ba.

Ban ce na rabu da injin feshin gaba ɗaya ba fa. In gishiri ya yi yawa nakan je in ja baya kamar taku ɗaya, in sa bakin da ke baza ruwa, in ɗauraye ƙarƙashin madigadi da ƙasan inji kawai, ba na nufar tsakiyar taya ko sarƙa. In na gama sai in tafi a hankali ina ɗan matsa birki har ya bushe, don jiƙaƙƙen birki a mahaɗar farko ya taɓa tsorata ni.