Amshin baki ɗaya ba ya koya wa yaro Turanci

A yawancin firamarenmu na Katsina da Daura darasin Turanci salo ɗaya ne: malam ya faɗi jimla, aji ya amsa da ƙarfi, a kwafe abin da ke allo, a tashi. Yaro ya shekara shida yana amshi, amma ka tambaye shi ina gidansu da Turanci, sai ya sunkuyar da kai. Laifin hanyar ne. Cikin hayaniyar aji, mai motsa leɓe kawai ma ya tsira.

A yi lissafi. Darasin minti 40 a ajin yara 80, ko malam bai ce uffan ba, rabin minti kowa zai samu idan ɗaya bayan ɗaya za a bi. Mafita ita ce a haɗa su bibbiyu su yi magana a lokaci guda.

Wasan kanti ya fi sauƙin shiryawa. Yara su zo da gwangwanin madara, kwalin ashana da kwalin sabulu, malam ya rubuta farashi a gindin kowanne. Minti 10 na farko ya koyar da jimla uku kacal: tambayar kuɗi, faɗin kuɗi, neman ragi. Ya gwada da yaro ɗaya a gaban aji, sannan kowane benci ya zama kanti na minti 15, a sauya mai saye da mai sayarwa a tsakiya. Sirrin yana wajen ɓoye farashin. Idan mai saye ya riga ya gani, tambayar ta zama wasan kwaikwayo, nan da nan su koma hira da Hausa. Kada kuma a haɗa gwani da mai rauni ƙwarai, gwanin zai cinye maganar. A sanar da hedimasta tun da wuri, don jin surutu zai sa ya ɗauka malam ba ya aji.

Furuci na son nasa minti 5 kullum. Hausa ba ta raba "p" da "f", a Katsinanci ma "fari" kan koma "hwari", shi ya sa "pan" da "fan" ke zama ɗaya a kunnen yaro. A ba shi ɗan yankin takarda ya riƙe gaban baki: in ya haɗe leɓe ya saki "p", takardar za ta yi tsalle, a "f" kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Wanda bai rarrabe su yanzu ba, zai gamu da su a takardar furuci ta WAEC da NECO.

Cin tarar mai yin Hausa a aji kuwa, shiru kawai yake haifarwa. Gara malam ya yi bayanin wasan da Hausa cikin minti ɗaya, sauran lokacin ya zama na Turanci. Yayin da suke ciniki kada ya katse kowa. Ya zaga da takarda yana rubuta kurakuran da suka fi yawa, ya ɗauki biyu ya gyara a allo ba tare da kiran suna ba.