Ƙannena ƴan ɗaga ƙarfe, ku saurara kafin allura ta taɓa fatarku

Assalamu alaikum samarin Maradi, na Zariya da Ali Ɗan Sofo da Bagalam da Sabon Gari, da waɗanda ke biyan kuɗɗin sal, wato ɗakin motsa jiki, duk wata da waɗanda ke zuba siminti cikin gwangwanin madara su soka ƙarfen mota su ɗaga bayan gida, duk da ku nike. Shekaran jiya muna zamne a fada bayan isha'i ana dahuwar shayi, wani yaro da nike koya ma ɗaga ƙarfe ya miƙo mini waya, hoton zaki ne baki buɗe, ya ce Yaya wannan nike so a zana mini daga kafaɗa har ƙirji, zai hana ni shiga gasa in Allah ya kai ni? Na ba shi amsa gajera don mutane na wurin, amma maganar ta kwana tana cina, don na lura ba shi kaɗai ba ne, tunda anka fara kallon ƴan ƙwallo da mawaƙa a TikTok jiki duk zane yara da yawa sun ɗauka ƙwanji bai cika ba sai da tatu.

Ba zan yi muku ƙarya don in tsorata ku ba. A manyan gasannin gina jiki na duniya tatu bai hana mutum hawa dandamali, akwai masu shi kuma suna cin kofi. Lee Priest ɗan Ostireliya har a fuska yake da zane, kuma da shi ya ci gasar Mr. Universe ta ƙungiyar ƴan gina jiki NABBA a 2013. To amma shi mutum ne da ya riga ya yi suna shekara da shekaru, alƙalai sun san jikinshi kamar tafin hannunsu. Kai da ba wanda ya sani, da za ka hau a jera ka da mutum goma a dube ka na ƴan mintoci, ba ka da wannan gatan.

Ku gane abin da alƙalan nan ke nema. Ba nauyin da kake ɗagawa ake aunawa ba, ido ne kawai ke aiki. Suna duba girman tsoka, suna duba ko hagu da dama sun yi daidai, ko sama da ƙasa sun dace, sannan babban abin, suna duba yadda tsoka ta rabu da ƴar uwarta, layin da ke tsakanin kafaɗa da damtse, tsagin cinya, ƴan zare-zaren da ke fitowa a ƙirji in mutum ya matse, jijiya ta tashi. Don waɗannan layukan mutum ke yin wata uku ko huɗu yana auna abinci yana barin mai da sukari. A gasar manya ta maza tsayuwa takwas ce ta dole, gaba da baya da gefe, ba inda za ka ɓoye. Kuma duk layin nan inuwa ce ke nuna shi, fitila ta haska tudu, kwari ya yi duhu. To ka ɗauko baƙar tawada ka shimfiɗa a kan wurin, ina inuwar za ta fito? Alƙali yana nesa da kai, abin da zai gani baƙin faci ne. Ba zai rage maka maki don zanen ba, amma abin da bai gani ba ba zai ba ka makinshi ba. In kuma hannu ɗaya ka cika da zane ɗayan yana fili, ido sai ya ga kamar ɗaya ya fi ɗaya, alhali ka sha wahala ka daidaita su. Shi ya sa za ka ga wasu ƴan gasa suna shafa hoda mai kauri ko su ƙara man rinin fata da ake shafawa kafin hawa don su rufe abin da sunka biya kuɗɗi anka zana musu, kuma in an cika shafawa wurin ya yi dam kamar yaɓe, layin ya ƙara ɓacewa.

Ku je ku nemi hotunan waɗanda sunka riƙe Mr. Olympia da daɗewa, babbar gasar gina jiki ta duniya da anka fara tun 1965. Arnold sau 7, Lee Haney sau 8, Ronnie Coleman sau 8 daga 1998 zuwa 2005. Ku duba bayansu da ƙirjinsu a kan dandamali, fata a share take, tsokar ce adon. Kuma yanzu abin ya matso kusa da mu, Big Ramy na Masar ya ci a 2020 da 2021, Samson Dauda haifaffen Legas ya ci a 2024, wato ɗan Afirka na iya kaiwa can, don haka ban ɗauki burin yaron nan abin wasa ba, shi ya sa ma nike wannan dogon rubutun.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu baƙar fata wanda masu bidiyon ba su faɗi. Zanen da ka gani ya fito raɗau a jikin Bature, a fatarmu ba haka yake fita ba, launi ja da shuɗi nutsewa suke, sai mai zanen ya cika baƙi ya yi ta maimaita allura a wuri ɗaya don ya fito. Ga shi fatarmu ta fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu yana ƙaiƙayi, wanda likitoci ke ce ma keloyid, kun san shi, kun gan shi a kunnen mata bayan huji ko a ƙeyar maza bayan aski. Wuraren da ya fi son fitowa su ne ƙirji da kafaɗa da saman baya, daidai inda kuke son a zana zakin. Na ga wannan da idona. Wani abokin ɗagawarmu ya tahi neman kuɗɗi bakin teku ya dawo da suna rubuce a ƙirji, bayan wata shida haruffa biyu sunka kumbura sunka haɗe, yau ko singileti bai son sawa a wurin motsa jiki, mutumin da da shi ke fara tuɓe riga. Kuma keloyid in an yanke shi sau da yawa dawowa yake har ya fi na da.

Sannan kai jikinka bai tsaya ba, ginawa kake. Yaro ɗan shekara 19 mai kilo 65 da ke fatan kai 90, fatar kafaɗa da hammata za ta buɗe, wani lokaci har ta yi nankarwa in girman ya zo da sauri, musamman masu haɗawa da alluran ƙara tsoka, wanda shi ma wata masifa ce da za mu yi maganarta wata rana don tana kashe ƙoda da zuciya. Zanen da anka yi a ƙaramin damtse in nankarwa ta ratsa shi ba ya komawa daidai.

Maganar allura kuwa ita ta fi tada mini hankali. Tawadar nan ba a saman fata take zama ba kamar lalle ko dayis da mata ke yi ya goge bayan sati biyu, ana tura ta ne cikin fata ta biyu, allura na shiga tana fita ba adadi, jini na fita. Wa ke yin zanen a nan? Yawanci wani ne a cikin ɗaki da injin da ya sayo ko ya haɗa da kanshi, ba ka san ko allurar sabuwa ce ba, ko da sabuwa ce ba ka san ko kwalbar tawadar an tsoma ta wani a ciki ba. Ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau duk ta jini suke bi, kuma ciwon hanta B yana da yawa a ƙasashenmu na yammacin Afirka, mutum na ɗauke da shi shekaru bai sani ba, ƙwayar cutar kuma tana iya kwana bakwai a busasshen jini tana da rai. Kai da ba ka shan taba don kana tsaron numfashinka, ka je ka miƙa hantarka don jika biyar.

Yanzu mu bar dandamali mu dawo Maradi, don gaskiya cikinmu mutum nawa ne za su ci abinci da gasa? Ronnie Coleman kanshi lokacin da ya ci kofinshi na farko ɗan sanda ne a jihar Texas, yana zuwa aiki da kaki. Mu nan mai ƙwanji inda ƙarfinshi ke kai shi sananne ne, kwankur na soja ko jandarma ko gardi ko ɗan sanda ko duwan, ko gadin banki da ma'aikatu, ko tsaron lafiyar wani babba, ko ka buɗe sal taka kana koyarwa. Duk mai kaki sai ya bi ta bizit, a can kuwa tuɓe ka ake yi likita ya dube ka tun daga kai har ƙafa, ga mutum ɗaruruwa na neman gurbi kaɗan, ƙaramin dalili ya isa a ce ka koma gida. Maƙwabtanmu Najeriya ma ƙarara suke rubutawa cikin sharuɗɗan ɗaukar soja cewa mai tatu kar ya nema. Masu mafarkin aikin jirgin sama a ƙasashen Larabawa, Emirates ba ta ɗaukar ma'aikacin cikin jirgi da zanenshi ke fitowa in ya sa kayan aiki. Ka yi karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ka fito da digiri, ka zamna gaban masu ɗaukar aiki zane na leƙowa ta wuyan riga, ba wanda zai ce maka don shi ne, za dai a ce za mu kira ka.

Wanda ma bai neman aikin gwamnati, garin nan da amana yake tafiya. Alhaji zai ɗauki kaya na miliyoyi ya ba yaro ba takarda ba shaida, ya aike shi Kano ko Kwatano, don ya yarda da tarbiyyarshi da gidan da ya fito. Dattijon nan bai san wani Lee Priest ba, abin da ya sani in ya ga zane a wuya ko a hannu shi ne ɗan tasha ko wanda ya taɓa zaman kaso, ko ka fi kowa kirki. Ba na ce hukuncinshi daidai ne ba, na san masu zane da sunka fi wasu masu farar riga gaskiya, amma shi ke da shagon. Haka in ka je neman aure aka shiga bincike, haka in kana koci, uba ba zai so ya kawo maka ɗanshi ɗan shekara 15 ya dawo gida yana roƙon a zana mishi irin naka ba. Da ma can mu masu ɗaga ƙarfe ana mana kallon ƴan ta da zaune tsaye, mun daɗe muna wanke wannan sunan.

Ni ba malami ba ne amma abin da ya tabbata ba a ɓoye shi. Hadisi ya zo cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya la'anci mai yin zanen nan na cusa launi cikin fata da wadda ake yi ma, malamai kuma sunka ce hukuncin ya haɗa maza. Wani zai ce to ai kakanninmu Katsinawa da Gobirawa suna da tsage a fuska. E suna da shi, wanzami ya yi musu suna jarirai ba a tambaye su ba, kuma kun ga yadda abin ke ƙarewa, ƴan yanzu nawa ake ma aska? Kai kuwa da hankalinka da kuɗɗinka za ka kai kanka. Ka tuna kuma in Allah ya kira ka Makka, a ɗawafin isowa kafaɗar dama a buɗe take cikin harami.

Ku da kunka riga kunka yi, ban rubuta wannan don a nuna ku da yatsa ba, kuma duk wanda ya ɗauki rubutuna ya je yana gori bai fahimce ni ba. Malamai da yawa sun ce alwalarku da sallarku sun inganta tunda tawadar tana ƙarƙashin fata ba ta hana ruwa taɓa jiki, tuba ce ake so. Roƙona ɗaya, kar ku ce za ku cire da kanku. Na ji masu ɗora ƙarfe mai zafi, masu zuba ruwan batir, masu gurzawa da gishiri, wallahi ƙuna ce za ku bari wadda ta fi zanen muni. Cirewa ta gaskiya da na'urar leza ake yi wurin likitan fata, ba zama ɗaya ba ne, sai an yi ta komawa ana barin makonni tsakani, abin na iya cin shekara ko fiye, ga tsada, kuma a baƙar fata in ba a yi da na'urar da ta dace ba wurin na iya yin fari ya zauna haka. Ku je likita a auna muku jini a duba hanta, in ba ku da ciwon ku yi rigakafin B, akwai shi.

Shi yaron nan nawa da safe na same shi a wurin ɗagawa, na ce ya kawo alkalami baƙi mai kauri, na sa wani ya zana mishi zakin a kafaɗar dama yadda yake so, munka kunna fitila ɗaya daga sama na ce ya matse hannu biyu na ɗauke shi hoto daga taku goma. Ya daɗe yana kallon wayar yana buɗa hoton da yatsa, kafaɗar hagu ta rabu kashi uku kowane layi a fili, aikin shekara biyu, ta dama kuwa dunƙule ɗaya baƙi. Bai ce mini komai ba, ya je bakin randa ya ɗebi ruwa da sabulu yana wankewa, ni kuma na ce ya yi sauri don yau ranar ƙafa ce kuma bai yi ko sahu ɗaya ba.