Yadda Wuƙar Layya Ta Ci Mini Rabin Gemu

Shekara 22 ina walda a Daura. Ƙofa, taga, gado, tankin ruwa, babu irin ƙarfen da bai bi ta hannuna ba. Don haka ranar da babban yarona (ɗan fari ne, kada ku sa ran jin sunansa a bakina) ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ƙarfen ba ya shan ruwa," raini kawai na jiyo a maganar.

Shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare. Mu dai ba mu gaji ƙira ba. Wani tsohon maƙeri ne a bayan kasuwa, yaron ya fara tsayawa kallonsa in an tashi makaranta. Daga kallo aka ba shi zuga, daga zuga sai ga rami a bayan ɗakin uwarsa. Faɗin ramin bai wuce kwanon sha ba, ya shafe shi da yumɓu da toka. Zuga-zuginsa ƙafar keke ce da bel tana juya 'yar fanka, iska na bi ta baƙin bututu zuwa gindin wuta. Uwar maƙerarsa kan tsohuwar masaba ce mai kilo 5 da ya dasa a kututture. Abu ɗaya ne nawa a ciki: na hana shi sa bututun famfo mai farin shafe, don duk mai walda ya san hayaƙinsa zazzaɓi yake sa wa. Uwarsa kuwa kullum tsoronta kada mutane su ga yaro da wuƙaƙe su ce ya shiga ƙauranci.

Sati uku kafin Babbar Sallah ya ce shi zai ƙera wuƙar layyar bana. Na ce to, matsa ka ga yadda manya ke yi.

Na ɗauko guntun rodi mai milimita 16. Nan ne ya yi waccan maganar. Ban kula shi ba. Na gasa, na daddaka, na fitar da baki da tsini, na tsoma a ruwa, na wasa har tana aske gashin hannu. Muka je gwaji. Igiyar rama ta yanke lafiya lau. Da na sari ƙashin da uwargida ta aje don miya, sai bakin wuƙar ya naɗe kamar kunnen akuya. Yaron ya ɗauki magagari ya goga a bakin, magagari ya kama yana ci kamar sabulu. Ya ce haka ake ganewa: in ƙarfe ya sha ruwa, wato ya yi tauri bayan an tsoma shi da zafinsa, magagari zamewa yake yi, yana ƙara kamar an goga shi a kwalba.

Dalilin, wanda na sani a ka amma ban taɓa sani a hannu ba, kabon ne, sinadarin da ke cikin ƙarfe yana ba shi tauri. Rodi irin wanda masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina ta fara fitarwa tun 1982, an yi shi ne don ya lanƙwasa a cikin kankare, kada ya karye. Kabon ɗinsa galibi bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, ko ka kwana kana tsoma shi ba zai yi taurin da wuƙa ke so ba. Sifirin mota kuwa yana da wajen 0.6. A giranda ma ana bambancewa. Tartsatsin rodi dogo ne miƙaƙƙe, na sifirin yana fashewa rassa-rassa a ƙarshe. Shekara 22 ina kallon tartsatsin nan, ashe magana yake mini.

Na ce wannan ai gwaji ne dama.

Bayan 'yan kwanaki na samo sifirin tsohuwar mota, na yanka tsawon santimita 25, faɗin 4. Na ba shi wuta da gawayin girki, sai ƙonewa yake yana toka. Yaron ya kawo gawayin ƙirya, an farfasa shi kamar girman goro, wuta ta kama da gaske. Duka ya yi kyau, wannan kam ba a fi ni ƙarfin hannu ba. Sai na ɗauki giranda na wasa bakin ya zama kamar reza tun kafin ban ruwa. Kuma da tsakar rana na yi aikin, rana na tsakiyar ka. Na mayar wuta, na ga ya yi ja, na zaro na cusa a bokitin ruwan randa.

Ƙas!

Wata 'yar ƙara ce, ba ta kai ta karyewar tsinke ba. Yaron ya rufe ido kamar an yi masa rasuwa. Na ɗaga wuƙa na ga tsaga uku daga baki zuwa gadon baya. Kuskure uku na jera a tsoma ɗaya, kuma ya lissafa mini su cikin ladabi, abin da ya fi zagi zafi. Baki ya yi siriri da yawa, ya kamata a bar masa kaurin milimita 1, a wasa daga baya. A hasken rana ba a ganin launin ƙarfe daidai, abin da na ɗauka ja ne ya riga ya wuce ruwan lemo, zafi ya yi masa yawa, ƙwayar cikinsa ta yi manya-manya. Sannan ruwan sanyi yana sanyaya sifirin da saurin da ba zai jure ba, waje ya daskare ya ƙanƙance, ciki bai gama ba, sai ya tsage. Mai yake so.

"Wane mai?"

"Man gyaɗa, Baba. Lita biyu. A gwangwanin ƙarfe mai murfi."

Lita biyu na man gyaɗa, ana saura kwana goma Sallah! Na ce yaro man kaza. Na je wajen bakanike na karɓo baƙin mai kyauta, bai kai lita ɗaya ba, na yanke kan jarkar roba na zuba. Na ƙera ta uku, na jira bayan Magariba kamar yadda aka koya mini, na sunkuya sosai don in ga abin da ke faruwa, na tsoma.

Ban san akwai ragowar fetur a man ba. Wuta ta yi bup, ta tashi har gemuna. Na ja da baya, tsinin wuƙa ya taɓa gefen jarka ya huda ta, mai mai ci da wuta ya malala yana bin gangare zuwa turken ragon da na sayo a kasuwar Mai'aduwa. Rago ya ga abin da ba a yi alkawari da shi ba, ya tsinke igiya, ya bi ta zaure. Na rarumi buta zan watsa ruwa, yaron ya riƙe mini hannu, ya kwashi yashi da shebur ya rufe wutar. Ruwa a kan wutar mai ƙara fantsama ta yake yi. Wannan ma na sani, sai dai wanda gemunsa ke hayaƙi ba ya tuna karatu.

Sai bayan Isha'i yaran unguwa suka kamo ragon can wajen rijiyar Kusugu. Uwargida ta haska ni da tocila, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, ɗaya ɓangaren ma a ƙona shi mana, su yi daidai."

Da safe, ba tare da na roƙa ba, ta auna man gyaɗa lita biyu ta miƙa wa ɗanta. Ni ko kallo ban ishe ta ba.

Ga yadda ya yi, ina zaune ina zuga. Ya ƙera ya gyara da magagari, ya huda ramuka uku na ƙota tun ƙarfe na da taushi, don in ya sha ruwa ba bakin injin da zai huda shi. Ya gasa ya yi ja, ya aje a iska ya huce da kansa, har sau uku, wai don gajiyar duka ta fita. Ya jefa jan guntun ƙarfe cikin man ya ɗumama shi, yadda yatsa zai shiga amma ba zai daɗe ba, saboda mai mai ɗumi ya fi tsinkewa, ya fi kama jikin ƙarfe. Sannan ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika ya ɗaure a waya. Yana gasawa yana taɓawa. Ƙarfe in ya kai digiri 770 maye ba ya kama shi. Da ya daina kamawa, ya ƙara masa wuta kaɗan, ya ɗan haura 800, ya zaro da awartaki, fuska a gefe, ya tsoma tsini a gaba, a miƙe. Sama da ƙasa yake motsa ta. Gefe da gefe karkata wuƙa yake yi. 'Yar wuta ta leƙo ta mutu. Da ya goga magagari sai ya zame, ƙirrr.

Na miƙe zan sari ƙashi. Ya ce, "Baba, don Allah." Ashe a wannan gaɓar taurinta na kwalba ne, ko faɗuwa ta yi sai ta fashe. Ya goge ta da samfefa ta yi fari, ya ɗora gadon bayanta a kan jan ƙarfe, bakin yana sama. Muka zuba ido launi yana tafiya daga baya zuwa baki. Da bakin ya yi ruwan busasshen kara, wajen digiri 220, ya ɗauke ya sanyaya. Da ya bari ya kai shuɗi, kusan 300, taurin ya ragu, ta fi dacewa da adda. Ƙota ta ƙirya ya sa, ni kuma na yanko masa wayar tagulla ta walda aka yi ƙusoshi uku. A rubuta wannan, da ni aka yi.

Mun kai wa tsohon maƙerin ya gani. Ya jujjuya ta, ya ƙyasta da farce ya saurara, sannan ya dubi fuskata.

"Alhaji, kai ka yi zuga?"

Na ce ƙwarai.

"Da gemu?"

Da aka gama dariya na tambaye shi abin da ke cina: yaron nan zai ci abinci da wannan? Ni fa likita nake so. Ya ce gaskiya wuƙa kasuwarta Sallah ce, sai mahauta. Abin da ke riƙe maƙeri fartanya ce da galma da lauje da gatari, daga faɗuwar ruwa zuwa kaka, ga wuƙaƙen kanti masu arha sun cika kasuwa. Ya ce kada a cire shi daga boko, kada kuma a rufe masa rami. Ya tuna mini, ko Bayajida, kamar yadda ake ba da labari, sai da ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa kafin ya zo ya tari macijiyar Kusugu. "Jarumi ne, amma bai ce shi zai ƙera da kansa ba." Na gane inda aka dosa, na yi shiru.

Yaron ashe ya riga mu lissafi. Ya ce akwai hanyar kwalejin fasaha da jarrabawar NABTEB ta ɗaliban sana'o'in hannu, akwai difloma ta injiniyan kanikanci a foliteknik, amma shi ransa na kan sashen nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. JAMB ɗinsa Turanci ne da lissafi da fizis da kemistiri. Kemistirin da bara sai da na je makaranta a kansa, yanzu shi yake karantawa har dare, don a can ya tarar da kabon ɗinsa. Na ce in ka gama sai masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. Ya ce tun 1979 ake gininta, ƙila shi suke jira.

Ranar Sallah wuƙa ta yi aikinta, jan farko. Mahaucin da ya zo fiɗa ya gama rago bai nemi dutsen washi ba, ya tambayi wanda ya ƙera. Na buɗe baki zan ce mu, uwargida ta yi gyaran murya daga madafi. Mahaucin ya ba yaron aikin wuƙa huɗu, har da kafin alƙalami, aka haɗa shi da badukun da zai ɗinka kube.

Kuɗin man gyaɗa a kaina aka ɗora. Wuƙata ta rodi kuwa ta sami aiki, da ita ake kankare ƙanzo, kuma uwargida ta ce ba ta taɓa samun wadda ba ta huda tukunya ba sai ita.