Masu cajin batir na Kumasi, ku ji tsoron Allah

Wallahi abin ya ishe mu. Duk direban tasi ko tiro-tiro da ke kwana a Aboabo ko Asawase ya san azabar asuba: ka murɗa makulli, mota ta yi ƙara sau ɗaya ta yi gum, fasinja na can Kejetiya suna cika motocin wasu, kai kuwa kana roƙon samarin da suka fito daga masallaci su tura ka. Ka kinkimi batir ka kai wurin mai caji, ka biya, ya ce ka dawo bayan awa biyu. Ka dawo ka ɗaura, mota ta tashi, ka yi hamdala. Kafin mako ya zagayo ka koma gidan jiya, shi kuma ya sake miƙa hannu ba ko kunya.

Tun daga "awa biyu" ɗin nan cuta ta fara. Batirin ƙaramar mota mai ƙarfin amfiya-awa 60, in ya sauka sosai, ana ba shi wuta ne a hankali, kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato amfiya 6, ya kwana yana sha, awa 10 ko fiye. Su kuwa sai su buɗe masa wuta ta ƙarshe don layi ya yi sauri. Batir ya ɗau zafi har ba ka iya dafa shi, ruwansa na tafasa, faifan dalmar da ke ciki suna lanƙwashewa suna zubar da gari. Kamar a hura wa shinkafa wuta ne fiye da kima, ƙasa ta ƙone, sama ba ta nuna ba. Ga zafin garin nan da dama can yake rage wa batir kwana, ga kuma mai caji na taya shi.

In ka ce a gwada maka, nan za ka ga abin takaici. Ba mita, ba komai. Yaron shago zai ɗauko guntun waya ko sifana ya haɗa kawunan batirin biyu, tartsatsi ya tashi, ya juyo yana murmushi: "Masta, ka gani ai, wuta ta cika." Wace wuta? Batir mai rabin rai ma yana tartsatsi. Mita ce kaɗai ke faɗin gaskiya: cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6, in ya nuna 12.2 rabi ne, in ya faɗi ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Kuma sai an bar shi ya huce a auna, don wanda aka cire daga caji yanzu-yanzu lambar ƙarya yake bayarwa. Mitar nan kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin batir guda ba, tana nan jibge a Magazin ɗin Suwame, matattarar makanikai da masu kayan mota, amma mutum ya shekara yana karɓar sidin mutane bai saya ba.

Kuma wannan tartsatsin wasa da ido ne. Batir in yana caji yana fitar da iskar haidurojin, ba launi ba wari, kuma in ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyastu ɗaya ya isa. Ku dubi inda ake cajin: kwantena ko rumfar kwano mai ƙofa ɗaya, batura jere a ƙasa, wayoyi tsirara an murɗa su da hannu, wani na zaune a bakin ƙofa da taba, mai walda na feshin wuta a maƙwabta. Da idona na ga batir ya fashe a irin wannan rumfar, lokacin da yaro ya fizge maƙalar caji ba tare da ya kashe injin ba. Murfin ya yi sama ya bugi kwano, ruwan batir ya wanke masa fuska da ƙirji. Maigidansa ya fasa ledar piya-wata guda ɗaya ya watsa masa, ya ce ya je ya kwanta zai wuce. Haba! Ruwan batir asid ne, yana cin fata yana makantarwa. Ana kwarara wa ido ruwa mai tsabta ne ba ƙaƙƙautawa, minti 15 zuwa 20, sannan a garzaya asibiti. Mu da muke wurin muka matsa sai da aka sa shi a tasi zuwa asibitin Komfo Anokye. Yaron da iyayensa suka kawo koyon sana'a ke nan, ko tabarau na roba ba a saya masa ba.

Sai maganar ruwa. In ruwan batir ya ragu, ruwa ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan. Tataccen ruwa, wanda ba gishiri ba ƙarfe a cikinsa, shi kaɗai ake ƙarawa, daidai ya rufe faifan. Amma kana juya baya za a ɗura ruwan famfo ko na rijiya. Wani ma ya fi haka mugunta: ya ƙara ɗanyen asid a mataccen batir don ya farfaɗo na ɗan lokaci, ya wanke jikin da omo, ya goge kawunan da sanfefa, ya manna sabuwar takarda, ya ce maka sabo ne mai faifai 15, jiya aka sauke shi daga tashar jiragen ruwa ta Tema. Ka nemi rasit mai kwanan wata da garanti, ya ce, "Alhaji, tsakanina da kai har sai da takarda?" E, sai da takarda, tunda kuɗina ba da amana na samo su ba, da gumi na samo su a cunkoson titin Tafo.

Wurin ɗaurawa ma ba a tsira ba. Ƙa'idar ba ta da wuya: a kashe mota a zare makulli, a fara cire baƙin kai, mai alamar ragi, sannan ja. Wurin mayarwa a fara da ja, baƙi ya zo ƙarshe. Dalili kuwa jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da baƙin kai. In ka fara kwance ja, sifana ta taɓa ƙarfen mota, ɗaruruwan amfiya za su bi ta cikinta nan take. Mu nan Zango kowa da zoben azurfarsa, kuma zobe in ya shiga tsakani zai yi ja ya gasa yatsa kafin ka zare. Amma yaran nan duk kan da hannu ya fara kaiwa shi suke kwancewa, su buga maƙala da guduma, su cusa ƙusa in ta yi sako-sako, su bar batir ba ɗauri yana rawa a ramukan hanya.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne gwajin altaneto, na'urar da ke cajin batir in mota na aiki. Mota na aiki, sai a zare kan batir, wai in ba ta mutu ba altaneto na da kyau. Wannan dabarar zamanin tsofaffin motoci ce. Motocin yanzu kwamfuta ke tafiyar da su, kuma tsallen wutar da zarewar ke jawowa yana iya ƙona ta ko ya kashe altaneton kansa. Alhali mita kawai za a ɗora inji na aiki: in ta nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.5, altaneto yana caji. Direbobi da yawa an sa su sayen batir bayan batir, ashe bel ne ya saki ko wata waya ce ke zuƙe wuta cikin dare.

To ina matattun batiran suke zuwa? Ana tuntsurar da ruwansu a kwata, kwatar da yaranmu ke tsallakawa da silifa zuwa makarantar allo, a fasa jikin da adda a sayar wa 'yan gwangwan dalmar. A Dakar ta ƙasar Senegal, a unguwar Thiaroye-sur-Mer, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma daga fasa tsofaffin batura a cikin gidaje. Dalma ba ta nuna kanta da wuri, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwar yaro, iyaye su yi ta cewa ba ya gane karatu.

Shugabannin makanikai da sarakunan Zango, ku da kuke da bakin tara mutane in za a yi suna ko jana'iza, ku tara waɗannan ma. Duk mai caji ya mallaki mita, tabarau, safar hannu da bokitin ruwa cike a bakin ƙofa, ya fasa wa rumfarsa taga, ya tara ruwan matattun batura a jarka maimakon kwata. Wanda ya ƙi, a kira sunan rumfarsa a tasha, direbobi su daina kai masa.