Yadda Na Naɗe Adashin Uwargida

Tun da na ji labarin Arthur Stone hankalina ya ƙi kwanciya. Ɗalibin lissafi ne ɗan Ingila da ya je karatu jami'ar Princeton a Amurka, kuma a shekarar 1939 ya tarar takardun ƙasar sun fi fayil ɗinsa faɗi, sai ya riƙa rage gefensu. Da waɗannan ɓarɓashin ya naɗa abin da ake kira fileksagon, wato takarda mai kusurwa shida wadda idan ka matse ta ka buɗe daga tsakiya, sai wata ɓoyayyiyar fuska ta uku ta fito. Na ce a raina, abin da ɗalibi ya yi da shara ba zai gagari magidanci a Gusau ba.

Ranar Asabar bayan la'asar na ɗauko almakashi da rula da gam, na ga wani littafin rubutu a kan firji, na yanke gefen shafi guda daga sama har ƙasa ba tare da na duba bayansa ba. Na auna alwatika 10 masu gefe daidai, na naɗe, na manne ta farko da ta ƙarshe. Abin ya yi kyau har yara suka kewaye ni, ina juya shi ina hura hanci.

Ana cikin haka uwargida ta fito tana cigiyar littafinta, domin ita ce uwar adashin unguwarmu, kuma ranar kwasa ce. Ashe a bayan wannan gefen ta jera sunayen waɗanda suka yi zubin makon.

Ta dube ni ta ce, "Malam, mene ne wannan a hannunka?"

Gam ya riga ya bushe, kuma ta hana a yaga. Haka na zauna a zaure har magariba, ina matsewa ina buɗewa, ina harhaɗa rabin suna daga wannan fuska da rabinsa daga waccan, yaro yana kai rahoto ga matan da suka cika tsakar gida. Suna goma sha ɗaya suka fito, na goma sha biyu kuwa yana daidai inda na shafa gam. Matar ta rantse ta zuba, uwargida ta ce ba ta tuna ba, ni kuma na zaro naira 5,000 daga aljihu.

Yanzu fileksagon ɗin yana cikin littafin adashi a matsayin shaida, littafin kuma yana cikin akwati mai kwaɗo, tare da almakashina.