Kafin Mu Ce Barka da Kirsimeti

'Yan'uwa a cikin Almasihu, musamman mu 'yan Anglikan, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan faɗe ta. Mun yi wa Adbent, wato lokacin shiri kafin Kirsimeti, riƙon sakainar kashi. Da zarar Nuwamba ya ƙare sai ka ga an rataya fitilu masu walƙiya a majami'a, mawaƙa sun fara fita karol, zumuntar mata na maganar anko, matasa na shirin wasan kwaikwayo. Ba na ƙin ko ɗaya daga cikinsu, ni ma ina son shinkafa da kaza da sabon ɗinki. Damuwata ita ce makonni huɗun da magabatanmu a bangaskiya suka keɓe domin tuba da jira sun koma makonnin cefane da zaryar gidan tela. Ranar 25 ga Disamba sai ta riske mu a gajiye, aljihu ya bushe, ran mutum kuwa yana nan yadda yake tun watan jiya.

Adbent yana farawa ne daga Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wato Lahadin da ta fi kusa da ranar tunawa da Manzo Andarawus, 30 ga Nuwamba. Wannan Lahadin ce ranar farko ta shekarar Ikilisiya. Lokacin tuba da jira ne, shi ya sa ake sa wa bagade tufafi shunayya, launin da ake sawa a lokacin azumin kwana arba'in kafin Ista. Wanda ya ga limami ya fito da shunayya ya kamata ya gane cewa lokacin binciken zuciya ne ya zo.

Ku duba addu'ar da Littafin Addu'a ya tanada domin Lahadi ta fari. Akbishop Thomas Cranmer na Kantabari ne ya tsara ta a bugun farko na littafin a 1549, shi da aka ƙona da wuta a Oksfod a 1556 saboda bangaskiyarsa. A cikinta muna roƙon Allah Maɗaukaki ya ba mu alheri mu yar da ayyukan duhu mu yafa makaman haske, yanzu, a wannan rayuwa mai ƙarewa wadda Ɗansa ya ziyarce mu a cikinta da tawali'u mai yawa, domin ranar ƙarshe, sa'ad da zai komo cikin ɗaukakarsa ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, mu tashi zuwa rai madawwami. Zuwa biyu ke nan a cikin addu'a ɗaya: jaririn da aka kwantar a komin dabbobi, da Alƙalin da zai dawo. Mu kuma muna tsaye a tsakani. Bugun littafin na 1662 ya umarta a maimaita wannan addu'a kowace rana har jajiberin Kirsimeti. Kowace rana fa. Ina tambaya da girmamawa: a gidaje nawa ne cikinmu ake yin haka?

Karatun wasiƙa na wannan Lahadin daga Romawa sura 13 yake, kuma ya fara daga aya ta 8, inda Manzo Bulus ya ce kada hakkin kowa ya zauna a kanmu sai dai na ƙaunar juna. Daga nan ya gangara zuwa maganar shashanci da buguwa, fasikanci da lalata, jayayya da kishi. Duk wanda ya san yadda Disamba take a garuruwanmu ya san cewa ayoyin nan da mu suke. Watan da magidanci ke cin bashin da zai biya har Maris don kada a ce gidansa ba a yanka komai ba. Watan da burukutu da giya ke gudana har a bakin waɗanda da safe suka rera waƙa a gaban bagade. Watan da 'yan mata da yawa ke komawa makaranta a Janairu da abin da ba su zo da shi ba. Watan da dangi ke haɗuwa a ƙauye, tsohuwar rigimar gona ta tashi. Ikilisiya ta san halin ɗan Adam, shi ya sa ta ajiye wannan karatu a bakin ƙofar biki. Cikin waɗannan ayoyi ne Agustin, wanda daga baya ya zama babban malamin Ikilisiya, ya karanta a wani lambu a birnin Milan a shekara ta 386, rayuwarsa ta juya gaba ɗaya. Har yanzu suna da wannan ikon idan muka bar su suka yi aikinsu.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jin sa daga bakin matasanmu da suke leƙa wasu majami'u: wai addu'ar da aka rubuta a takarda ba ta da Ruhu, wai al'adar Turawa ce. Ƙannena, ku yi haƙuri ku saurare ni. Abin da Cranmer ya yi shi ne ya ɗauko ibadar da ta maƙale a harshen Latin da gidajen sufaye, ya taƙaita ta zuwa addu'ar safe da ta yamma, ya sa ta a harshen da manomi da mai wanki za su fahimta. Ya raba Zabura 150 yadda za a karance ta duk wata. Manufarsa ita ce talaka ya ji Maganar Allah da yawa, a kai a kai, har ta zauna masa. Kusan kowace jimla a addu'o'in nan daga Littafi Mai Tsarki aka ciro ta. Ranar da kake cike da murna za ka iya yin addu'a da kalmominka. Amma akwai ranar da baƙin ciki ko zunubi ke ɗaure harshe, a ranar nan addu'ar da ka haddace tun kana yaro ita ce za ta ɗauke ka. Na ga tsofaffi a gadon asibiti da suka manta sunayen jikokinsu amma aka fara addu'ar furta zunubi suka kama, ba su yi tuntuɓe ba. Ban yarda cewa babu Ruhu a wannan ba.

Lahadi ta biyu ta Maganar Allah ce. Addu'arta tana roƙon mu ji Nassi, mu karanta, mu lura, mu koya, mu tauna shi har ya narke a cikinmu. Mu da muke sujada da Hausa muna da dalilin riƙe wannan rana da hannu biyu. Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zauna a Zariya tun 1905, shi da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, suka yi shekaru suna fama har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Majami'ar Sen Batalomi ta Wusasa, wadda magina Hausawa suka gina da ƙasa a 1929, tana nan tsaye. Waɗanda suka fara sujada a cikinta sun san darajar shafi ɗaya na Linjila a harshensu. Mu yau muna da shi a waya, amma mako kan wuce ba mu buɗe ba.

Lahadi ta uku da ta huɗu na Yohanna Mai Baftisma ne, kuma a nan nake so iyayenmu limamai su ji ni. Addu'ar Lahadi ta uku dominku ce: a roƙa muku ku shirya hanyar Ubangiji kamar yadda Yohanna ya yi, ta wurin juyo da zukatan marasa biyayya. Wa'azin Yohanna a Luka sura 3 ba shi da kwana-kwana. Mai riga biyu ya ba marar ita. Mai karɓar haraji kada ya karɓi fiye da ƙa'ida. Soja kada ya yi ƙwace ko ƙazafi, ya gamsu da albashinsa. Ga tsarki nan a fili, a kasuwa da ofis da shingen hanya. A dā, masu wa'azi a al'adarmu kan ɗauki Lahadi huɗun nan su yi magana a kan mutuwa, shari'a, sama da jahannama. Yanzu muna jin nauyin ambatonsu, kada a ce mun ɓata wa mutane biki. Sai mu cika Disamba da alkawarin buɗi da cin nasara kafin shekara ta ƙare, da sanarwar gudummawa iri-iri. Baba, mutanenka suna bukatar su ji cewa za su tsaya a gaban Allah. Faɗa musu hakan ƙauna ce.

Wani zai ce wahalar da muke sha a ƙasar nan ta isa, me ya sa za a ƙara mana da zancen shari'a? Ni kuwa a ganina wanda aka zalunta shi ya fi kowa bukatar wannan labari. Ba mu manta da bam ɗin Madalla na ranar Kirsimeti ta 2011 ba. Ba mu manta da ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi ba, inda aka kashe mutane fiye da ɗari a daren jajiberin Kirsimeti na 2023. Matar da ta binne mijinta ba ta ga an hukunta kowa ba, me fitilu masu walƙiya za su gaya mata? Adbent yana gaya mata cewa akwai Alƙali mai zuwa wanda ba a saye shi, ba a tsorata shi, kuma babu fayil ɗin da zai ɓata a gabansa. Yana kuma gaya mata, da mu duka, cewa ramuwa ba a hannunmu take ba. Waƙar Maryamu da ake rerawa a addu'ar yamma ta Anglikan tana cewa Allah ya sauke masu iko daga gadajen sarauta ya ɗaukaka ƙasƙantattu, ya ƙosar da mayunwata. Wannan ce waƙar mai jira.

Ko sujadar darussa tara da waƙoƙi, wadda muke ƙauna ƙwarai, mun manta asalinta. Bishop Edward White Benson ne ya fara ta a Truro, a ƙasar Ingila, daren jajiberin Kirsimeti na 1880, a wani ginin katako da suke amfani da shi kafin a gama babbar majami'arsu. A 1918 Eric Milner-White, wanda ya yi aikin limamin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya sake tsara ta a kwalejin King's ta Kambirij, makonni kaɗan bayan an tsagaita wuta, a gaban mutanen da suka rasa 'ya'ya da abokai. BBC ta fara watsa ta a 1928. Darasi na fari daga Farawa sura 3 yake, faɗuwar Adamu. Na ƙarshe daga Yohanna sura 1, Kalman ya zama mutum. Addu'ar buɗewa tana tuna matalauta, mayunwata, waɗanda ake zalunta, marasa lafiya, masu makoki, da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. An tsara ta ne domin a bi labarin ceto daga zunubi zuwa Mai Ceto. A wurare da yawa mun mai da ita gasar ƙungiyoyin mawaƙa, ana karanta darasi mutane na hira, sai an buga ganga hankali ya dawo. Wannan yana ba ni baƙin ciki ƙwarai.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Maigida ko uwargida su tara yara da yamma, ko minti goma ne, a karanta sura ɗaya daga Ishaya ko Luka, a yi addu'ar Lahadi ta fari tare. Wanda ake binsa bashi ya biya abin da zai iya kafin ya sayi atamfa ta biyu. Wanda yake gaba da ɗan'uwansa ya je ya same shi, domin kiran da limami ke yi kafin Jibin Ubangiji ga masu tuba ne da gaske waɗanda suke zaman ƙauna da maƙwabtansu, kuma gargaɗin da ke cikin Littafin Addu'a ya ce wanda ya cuci wani ya mayar masa da hakkinsa gwargwadon iyawarsa. Littafin 1662 ya sa jajiberin Kirsimeti cikin ranakun azumi. Wanda yake da lafiya ya gwada, ya ga yadda abincin washegari zai zama abin godiya. A cikin kuɗin cefane kuma a ware na gwauruwa da maraya da wanda rikici ya raba da gidansa tun kafin a shiga kasuwa, kada a jira a ga abin da ya rage. Hunturu ya shigo, akwai yaran da ke kwana ba bargo a unguwarku, kun san su. Kwanon da muka saba aika wa maƙwabtanmu Musulmi, kamar yadda su ma suke aiko mana da Sallah, kada tsada ko tsoro su sa mu daina.

Sannan idan Kirsimeti ta zo, mu yi ta da gaske. Mu da muke fara biki tun 1 ga Disamba mukan naɗe tabarma ranar 26, alhali a kalandarmu a lokacin ne aka fara. Kwana goma sha biyu ne, har zuwa 6 ga Janairu da ake tuna zuwan masanan taurari daga gabas. Ranar 26 ta Istifanus ce, shahidi na fari, wanda ya roƙa wa masu jifansa gafara. Ranar 27 ta Manzo Yohanna. Ranar 28 ta yaran Baitalami da Hirudus ya kashe, kuma ban san wata Ikilisiya da ta fi tamu ta Arewa dalilin cika majami'a a wannan rana ba, amma sau da yawa ƙofa ma a kulle take. Ina roƙon kwamitocin majami'unmu da shugabannin zumuntar mata da na matasa, idan kuka zauna tsara shirin bana, ku matsar da yawon karol da liyafa da wasan yara zuwa waɗannan kwanaki goma sha biyu, lokacin da yara ke hutu, waɗanda ke aiki a birni kuma sun dawo gida. Makonni huɗun farko ku bar mana su da shunayyarsu, mu samu mu yi tuba.