Zanen mafarki ba gasar ban mamaki ba ce

Tun da manhajojin ƙirƙirar hoto irin su Midjourney suka bazu a 2022, hoton abin da ba zai taɓa yiwuwa ba ya zama araha. Ka rubuta 'yan kalmomi, kafin ka ɗaga kai an miƙo maka kifi yana shawagi cikin gajimare ko gari guda a bayan kunkuru, da launi da inuwa da komai tsaf. Shi ne wasu suka fara cewa ai masu zanen mafarki tasu ta ƙare, wai me ya rage wa wanda zai shafe watanni da burushi da fenti yana zana abin da kwamfuta za ta fitar cikin daƙiƙa goma. Ni kam ban yarda ba, domin masu wannan magana sun ɗauka ban mamaki shi ne manufar aikin, alhali tun farko ba nan aka dosa ba.

A duba inda abin ya samo asali mana. Salon nan da Turawa ke kira suriyalizim, marubucin Faransa André Breton ne ya fitar da takardar manufofinsa a birnin Paris a 1924, kuma mutumin nan ya yi aiki a asibitin masu taɓin hankali lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ya ga samarin sojoji da ƙarar bama-bamai ta juya musu kai. Cikin masu zanen salon, André Masson an ji masa mummunan rauni a fagen daga a 1917, Max Ernst kuma ya yi yaƙin ne a ɓangaren Jamus. Mutanen da suka ga yadda masu ilimi da lissafi da manyan muƙamai suka tura miliyoyi ga halaka, sai suka ce to idan wannan shi ne hankali, bari mu leƙa abin da ke ƙarƙashinsa. Suka ɗauki tunanin masanin halayyar ɗan'adam Sigmund Freud cewa akwai tsoro da buri da ɓacin rai da mutum ke dannewa da rana, da dare su fito a mafarki cikin wata kama daban. Ba sai ka yarda da duk abin da Freud ya faɗa ba, masana da yawa ma sun yi watsi da wani ɓangare nasa, amma batun cewa mafarki da hoto yake magana tsohon zance ne, kowa ya san shanu bakwai ramammu da suka cinye bakwai masu ƙiba a ƙissar Annabi Yusuf (AS), kuma maganar fari da yunwa ce ke ƙunshe a ciki.

Yanzu salon ya dawo da ƙarfinsa. Babban baje kolin zane-zane na Venice na 2022 kusan a kansa aka gina shi, cibiyar zane-zane ta Pompidou da ke Paris ta yi bikin cikar salon shekara 100 a 2024, kuma kasuwa ta bi sahu. A watan Nuwamban 2024 an yi gwanjon wani zanen René Magritte a New York kan sama da dala miliyan 121, gida ne a cikin duhun dare da fitilar titi a kunne amma samansa rana tsaka. A shekarar dai zanen Leonora Carrington ya tashi dala miliyan 28.5.

Amma wanda na fi so mu tsaya a kansa shi ne na Frida Kahlo 'yar Meziko na 1940, wanda aka sayar dala miliyan 54.7 a Nuwamban 2025. Tana kwance tana barci a kan gado mai rumfa, gadon yana yawo cikin gajimare, ganye ya nannaɗe ta, a saman rumfar kuma ga kwarangwal kwance shi ma kamar mai barci, riƙe da furanni, an ɗaɗɗaura masa nakiya a jiki. In ba ka san matar ba sai ka ce wasa da tunani ne kawai. To ita wannan tana da shekara 18 motar bas ta yi hatsari da ita a 1925, ƙarfe ya huda ta, ƙashin bayanta ya karye, ta ƙare rayuwarta tsakanin tiyata da jinya, gado ya zama rabin duniyarta. Breton ya je Meziko a 1938 ya ce ai tasu ce, ita kuwa daga baya ta nuna cewa ba mafarki take zanawa ba, rayuwarta ce. Mutuwar da ke kwance saman kanta ba ado ba ce wallahi, abokiyar zamanta ce, kuma wannan nauyin ne yake riƙe mai kallo.

Haka abin yake ga masu yi yanzu da gaske. Portia Zvavahera 'yar Zimbabwe, haifaffiyar 1985, daga mafarkanta take zane kai tsaye, ta sha bayyana cewa tun tana yarinya kakarta ke tambayarsu abin da suka gani a barci. Za ka ga mata masu ciki, mata a durƙushe suna addu'a, mujiya da ɓeraye suna kewaye da su, wasu siffofi kuma ba ka iya cewa mala'iku ne ko masu cutarwa. Tana amfani da tawadar ɗab'i da kakin zuma, ta yi ta buga ƙananan alamu ɗaya kan ɗaya har su zama kamar mayafi ya lulluɓe mutanen, fuskokin ma sau da yawa ba ta gama su. Ba kyau take nema ba, kamar dai tana kokawa ne da abin da ya tsorata ta har ta ga bayansa. Uwar da ta taɓa farkawa cikin dare gabanta na faɗuwa ta laluba ta ji ko jaririnta na numfashi, ba ta buƙatar wani masani ya yi mata bayanin waɗannan zanuka.

Ga kuma dattijo Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a 1930. A 1975 aka kulle shi a kurkukun Kober wata shida ba shari'a, yana yaga takardar buhun siminti ƙanana yana zane a ɓoye, in ya ji tahowar gandiroba sai ya binne su cikin yashi. Daga nan ya saba da farawa da ɗan ƙaramin abu a tsakiya ya bar shi ya yi ta tsiro ba tare da ya san inda zai tsaya ba, fuskoki su fito daga layukan rubutun Larabci, tsuntsu ya fito daga mutum. Michael Armitage da aka haifa a Nairobi a 1984 shi kuma a kan ƙyallen ɓawon itace na Uganda yake zane, mai huji da ɗinki, ya halarci gangamin siyasa lokacin zaɓen Kenya na 2017 ya zana shi kamar mafarkin zazzaɓi, kuma duk wanda ya taɓa shiga irin wannan taron ya san kyamara ba ta kama wannan ruɗanin.

Masu suka fa suna da gaskiyarsu ta wani gefen, ban musa ba. Ka leƙa Instagram ka gani, ido a tafin hannu, kai ya zama fure, matakala ta tafi sama ba ta kai ko'ina ba, agogo yana narkewa kamar dai ba tun 1931 Salvador Dalí ya gama da wannan ba. Hannun ya ƙware, fentin ya zauna, amma ba abin da ya dami mai zanen, ya dai ga ana so ne ya yi. Irin wannan kam kwamfuta za ta kwace masa kasuwa, kuma ban ga abin baƙin ciki a ciki ba, domin dama haɗe-haɗen abin da aka riga aka gani yake yi, ita kuwa ta fi shi sauri a wannan. Abin da ba ta da shi shi ne jiki mai ciwo, da uwar da ta rasu, da daren kurkuku, da abin da mutum ya kasa gaya wa kowa har ya fito masa a barci.

Ni abin da ya fi tayar min da hankali ma ba manhaja ba ce, kuɗin nan ne. In gwanjo ya fara kiran miliyoyi, dillalai sai su bazama neman matasa masu irin wannan salon, yarinya ko yaro mai shekara ashirin da wani abu ya yi zane biyu masu rai daga abin da ke cin sa a zuciya, a saye, a ce ya kawo ashirin irinsu kafin baje koli na gaba. Mafarki kuwa ba ya zuwa da oda, dole ya koma kwaikwayon kansa. Dalí da kansa haka ta faru da shi, abokan tafiyarsa suka raba gari da shi a ƙarshen shekarun 1930, Breton ya riƙa yi masa gorin son dala, Dalí kuwa ya koma tallace-tallace har shi ya zana tambarin alewar Chupa Chups a 1969. Shi ya samu shekarunsa na aiki mai kyau kafin kasuwa ta haɗiye shi, na yanzu kuwa wasunsu tun ba su gama gane abin da suke son faɗa ba ake kai zanensu gwanjo, in farashin ya faɗi bayan shekara biyu a watsar da su a nemi wasu.